Gwal ko Dutse: Me Za Mu Saya wa Uwargida?

A da can, mu nan unguwa ba mu san wani abu wai shi bikin cikar shekarun aure ba. Kakanninmu da suka biyo layin dogo suka sauka Kafanchan, bayan da garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, da haihuwa suke ƙidaya aure: "shekarar da aka yaye wane." Kyauta kuwa sai Sallah, turmin atamfa da mayafi, shi ke nan. Yanzu 'ya'yanmu sun zo da sabon salo. Sai ka ji an ce, "Baba, bana fa shekara talatin, me za a saya wa Umma?" To, kyautata wa iyali ibada ce, ba mu ƙi ba. Abin tambaya shi ne, me za a saya?

Yaran sukan nuna mana jerin Turawa a waya: shekara 25 azurfa, 40 jan yaƙutu, 45 safaya, 50 zinariya, 55 zumurrudu, 60 lu'ulu'u. A sani dai, 'yan kasuwar kayan ado na Amurka ne suka faɗaɗa jerin nan a 1937. Mai kaya ai ba zai ce kayansa ba su dace ba.

Abin mamaki, wasu daga cikin duwatsun nan a ƙarƙashin ƙafarmu suke. Ana haƙo safaya a Nisama da Antang, wajen Gidan Waya, nan cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a. Ana samun zumurrudu a yankin Gwantu. Yaranmu ne ke shiga rami, su wanke tsakuwa a rafi, dillalai su saya su kai Jos, daga nan a wuce da shi Bankok ko Siri Lanka a yanka a goge. Mu kuma mu je shago mu sayo kwalba mai launi da sunan dutse. Kai, abin da ciwo!

Duk da haka, in ana maganar kyautar uwargida, gwal muke sa wa gaba, kuma da dalili. Gwal ɗin mace ba ado kaɗai ba ne, asusunta ne. Duk wanda ya ga Afrilun 2011, lokacin da kasuwar garin nan ta ƙone, ya san haka. Gidaje nawa ne ɗan kunne da warwaron da aka ƙulle a bakin zane suka biya musu haya, suka mayar da yara makaranta, suka zama jarin maigida? Gwal a ɗora shi a sikeli, a faɗi farashin giram, a ba ka kuɗinka a ranar, ko a Kano kake ko a Jos. Dutse ba haka yake ba. Ranar sayarwa mai saye zai cire shi ya auna gwal ɗin zalla, dutsen kuwa sai abin da ya ga dama.

Saboda haka shawararmu: kuɗi mai nauyi a zuba shi a gwal, dutse ya zama ƙari. A duba hatimi: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. A sa mai shago ya rubuta nauyin gwal daban, kuɗin dutse daban, a kan rasit, kuma da sunanta. Kayanta ne, ba ajiyar maigida ba.

In za a ɗora dutse, a duba aikin hannunta. Safaya ita ce ta biyu a tauri bayan lu'ulu'u, tana jure wanke-wanke da daka, ta dace da zobe. Zumurrudu kuwa yakan zo da 'yan tsage a ciki, bugu ɗaya a bakin turmi sai ya fashe, gara a bar shi a ɗan kunne ko sarƙa. Kwalba takan nuna 'yan kumfa a ciki in an ɗaga ta a rana, amma akwai jabun da ido ba ya ganewa, don haka a tafi da wanda ya san dutse. Uwargida ma in za ta rama, zoben azurfa shi ne na namiji, tunda gwal bai halatta gare shi ba.

Wanda ba shi da halin gwal, kada ya ci bashi don hoton waya. Murjani da tsakiya sun ƙawata iyayenmu, har yau ba su tsufa ba. Amma wanda Allah ya hore wa, ya ɗora ƙwayar safayar Nisama a kan zoben gwal, ya haɗa mata biyu: abin da za ta jingina da shi ranar tsanani, da abin da ya fito daga ƙasar da ta haifi 'ya'yanta a kai.

Allah ya bar mu tare, ya zaunar da garinmu lafiya.