Hannu Shi Ne Idon Mai Hoto A Bakin Kwara

Ga wani aiki wanda ido ba shi da rabo cikinsa. Ni mai ɗaukan hoto ne da babban akwatin nan da a kan lulluɓa wa baƙin ƙyalle. Fim ɗinsa falle-falle ne, inci 8 da 10, haske kaɗan kuwa ya ishe shi lalacewa. A birni akwai ɗakin duhu. Amma a bakin ruwa, tsakanin Yelwa da Ngaski, ɗakin duhuna jakar baƙin yadi ce mai hannuwa kamar taguwa.

Na kan zura hannuwa ciki, in riƙe fallen a tsaye, in laluba gefensa har in ji 'yan tsaga. In suna kusurwar sama ta dama, to, fuskar da ke kama hoto ita ke dubana. Sa'an nan in sa shi cikin gidansa, in rufe. Abokan gabana biyu ne, ƙurar hunturu da gumin bazara. Saboda haka da asuba na kan yi, da busasshen hannu.

Don me wannan wahala? Sa'ad da aka gama madatsar Kainji cikin 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibiran Gungawa da yawa. Abin da ba a ɗauka ba kafin nan, sai dai labari. Garin da ke tsaye yau, wa ya san gobensa? Falle guda, in an kyautata shi, ya ishi jikoki shaida.