Sayen Tsohon Gida: A Nemi Magada Kafin A Kira Magina

Galibin tsofaffin gidajen da dillalai ke yawo da labarinsu a Kano, daga Yakasai zuwa Gwale har Fagge a bayan ganuwa, gidajen gado ne. Mai gida ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya sun watse, soro ya soma zuba, ba mai ƙarfin gyara shi kaɗai, sai a ce a sayar a raba kuɗi. Masu saye kuwa su ne ɗan kasuwa mai son zama kusa da Kurmi ko Kantin Kwari, da ma'aikacin gwamnati wanda ya karɓi kuɗin sallama. Kowannensu zai zo da magini ya ƙwanƙwasa bango, amma da wuya ya tambayi ko na wane ne bangon.

Mu ma mun shiga wannan nema sa'ad da gidan haya ya yi wa iyali kaɗan. Gidan da ya fara kwanta mana a rai yana da zaure mai faɗi, wanda zai ɗauki ɗalibanmu na bayan Magariba ba tare da an takura wa mutanen cikin gida ba. Dillali ya zo mana da babban ɗan mamacin, dattijo mai kamala. Muka ce, "Alhaji, ku nawa marigayi ya bari?" Ya lissafa maza biyar. Muka ce, mata fa? Ya ce akwai biyu, ɗaya tana aure a Gusau, sai kuma amaryar mahaifinsu, amma ai mata ba su da matsala. To, a nan cinikin ya tsaya.

Dalili kuwa, matar mamaci tana da tumuni idan ya bar 'ya'ya, 'ya mace kuma tana da rabin abin da ɗan'uwanta ya samu, kuma muddin ba a raba ba, rabon kowa yana cikin kowane tubali na gidan. Wanda ya sayar da rabon wani ba da izninsa ba ya yi abin da malamai ke kira cinikin fuluuli, watau cinikin mai shisshigi. A mazhabarmu ta Malikiyya wannan ciniki a rataye yake: mai haƙƙi ya yarda ya zartu, ya ƙi ya warware. Idan kuwa akwai maraya ƙarami, ba a sayar da rabonsa sai don bukata ko maslaharsa, ta hannun wasiyyi ko alƙali.

Akwai kuma shufu'a, wadda mutane da yawa sun karanta babinta a Risala ta Ibnu Abi Zaidin suka wuce. Idan wasu magada suka sayar wa baƙo rabonsu a gidan da ba a raba ba, sauran suna da ikon mayar masa da kuɗinsa su karɓe. Wanda ke gari, ya sani ya yi shiru har shekara, haƙƙinsa ya faɗi. Amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa komai daɗewarsa. Mai karatu ya duba halin mutumin da ya rushe ɗakuna ya zuba bulo, bayan shekara shida wani ya sauko daga Makka ko Kumasi ya ce bai yarda ba. Gaskiya ne shari'a ba ta zubar da wahalar wanda ya yi gini da kyakkyawar niyya, za a biya shi ƙimar gininsa a tsaye. Sai dai shi wurin zama ya nema, ga shi ya koma zaryar kotu, iyalinsa kuma suna salla a ɗakin da ake jayayya a kansa.

Dokar ƙasa ma tana da nata. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filayen kowace jiha suna hannun gwamna a matsayin amana, takardar shaidar mallaka kuwa galibi ta shekara 99 ce, kuma ba a mayar da ita ga wani sai da amincewar gwamna. Gidaje da dama na cikin birni ba su da ita sam, sai takardar ciniki da shaidar mai unguwa. Saboda haka a kira shi, a kira maƙwabta, a nuna iyaka da rana tsaka, a rubuta.

Gidan da muka saya daga baya ya fi wancan ƙanƙanta, zaurensa ma ba ya ɗaukar mutum goma. Abin da ya ja mu shi ne alƙali ya riga ya ƙididdige magada, kowa ya sa hannu, har da wadda aka je ƙofar ɗakinta da shaidu biyu aka ji daga bakinta.

Sa'an nan ne muka kira magini, kuma muka jira watan Agusta, domin damina ba ta rufa wa soro asiri. Malamanmu sun kasa aibin gida uku: ƙarami wanda ba a waiwayarsa, da matsakaici wanda ake rage kuɗi dominsa, da babba wanda ake mayar da gidan. Amma aibin da mai saye ya gani ya yarda ba shi da ƙara a kansa, don haka a duba tun kafin a biya. Azarar giginya mun same ta lafiya, gara ba ta taɓa ta ba. Ɓarnar tana gindin bango, inda masu gidan suka yaɓa siminti a kan ƙasa, laima ta rasa hanyar fita ta ci tubali daga ciki. Magini ya ce a kankare a mayar da yaɓen ƙasa, muka bi shawararsa ko da yake yara sun so bulo.

Abu biyu muka canza a tsarinsa. Tagar da ya so fitarwa a ɗakin sama tana leƙa tsakar gidan maƙwabci, fiƙihu kuwa ya hana wannan, sai aka ɗaga ta sama da kan mutum. Indararon gabas kuma, wanda tun zamanin masu gidan na farko yake zuba a gindin katangar wata gwauruwa, aka juya shi zuwa kwata.