Masu Gudun Ɗari

A kudancin Faransa, a gaɓar Bahar Rum, akwai wani birni mai suna Nis wanda baƙin hunturu suka raya. Tun daga ƙarshen ƙarni na 18 attajiran Ingila suka mayar da shi mafakarsu: da zarar sanyin ƙasarsu ya kankama sai su tattara iyali su gangaro, ba su komawa sai yanayi ya sassauta. Har yau haka abin yake, sai dai jirgin sama ya gajarta tafiyar. A watan Disamba ana ƙawata titunan birnin da fitilu, a kafa kasuwar Kirsimeti, baƙi su jeru a kan shuɗɗan kujerun bakin teku suna shan hantsi. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya Nis cikin wuraren tarihi na duniya, kuma dalilin da ta bayar shi ne wannan al'ada ta zuwa cin hunturu.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa wa 'yan yawon buɗe ido ba. Shahararriyar hanyar nan ta bakin ruwa, Promenade des Anglais, talakawa ne suka fara shimfiɗa ta. A farkon shekarun 1820 an yi shekara mai tsanani, marasa abin yi suka cika gari, sai Turawan Ingila mazauna birnin, bisa jagorancin wani limamin coci mai suna Lewis Way, suka tara kuɗi suka ɗauke su aikin hanyar. An gama ta a 1824. Ke nan tun farko mutum iri biyu lokacin sanyi ke haɗawa a bakin teku: mai neman hutu da mai neman abin sawa a baka.

Yanayin da Bature ke biyan kuɗin jirgi don ya samu, kusan digiri 13 ne da tsakar rana a watan Janairu. Kusan wannan awon ne ake samu da asuba a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a daidai wannan lokaci, amma a nan sunansa ɗari, kuma ba wanda ke yi masa kirari. Bahaushe ya bambanta sanyi da ɗari: sanyi na tafe da laima, ɗari kuwa busasshe ne, shi ke tsaga leɓe da diddige, ya sa alwalar asuba ta zama jarrabawa. Hazo ya rufe duwatsu, tsofaffi su kewaye wutar kara suna jin ɗumi. A lokacin an gama kaka. Masara da dawa sun shiga rumbu, an kai auduga da waken suya kasuwa, gona ba ta bukatar kowa sai nan da wata biyar ko shida, in ban da mai fadama.

A nan cin rani ya samo asali, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Magidanci ya dubi rumbunsa, ya dubi yawan bakunan gidansa, ya gane cewa in kowa ya zauna hatsin ba zai kai su sabuwar kaka ba. Duk ƙaton da ya bar gida ya rage wa rumbu nauyi, ko da bai dawo da ko sisi ba. In ya dawo da kuɗin taki, ko na aure, ko ɗan maraƙi, wannan riba ce a kan uwar kuɗi. Tsohuwar hanya ce: binciken da masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya yi nazarinsa a kan ranin 1952 zuwa 1953 ya ƙirga mutum sama da 250,000 da suka fita daga lardin Sakkwato, maƙwabcin Katsina ta yamma, da yawansu sun nufi Kurmi da ƙasar Gwanja. Kudancin Katsina ma yana da ƙofarsa, domin layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtuwa, daga Zariya kuma sai Ikko.

Yau tirela ce ta gaji jirgin. Saurayi daga wani ƙauyen Sabuwa zai hau saman lodin masara ko bayan shanu, ya naɗe fuska da rawani saboda iska, a bi ta Birnin Gwari da Tegina da Mokwa, a haye Kwara a Jebba, a ratsa Ilori da Badun. Tun kafin a isa zai ji fatarsa ta saki. Hunturu na kaiwa Ikko, amma a gajiye yake isa, ɗan hazo ne na kwanaki. Dare ba ya bukatar bargo, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga wanda makwancinsa barandar shago ce ko harabar masallaci. Ba ya sauka a banza: akwai ɗan garinsu a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende, ko kasuwar Mile 12, wanda zai nuna masa inda ake hayar kura ta ruwa, ko ya haɗa masa akwatin gyaran takalma, ko ya tsaya masa a aikin gadi.

Disamba kuwa watan shagali ne a Ikko. 'Yan Najeriya mazauna Landan da Amurka suna dawowa hutu, su ma gudun sanyi suke yi, otal-otal su cika, a yi ta bukukuwa har shiga sabuwar shekara. Tumatir da albasa da attaruhun da ake dafa shinkafar bikin, da sa ko ragon da aka yanka, yawancinsu daga Arewa suka zo, kuma kafaɗar ɗan cin rani ce ta sauke su daga mota. Shi ke tsire a bakin titi, shi ke buɗe ƙofar gida da ƙarfe uku na dare idan masu gida sun dawo daga rawa. Teku na nan kusa da shi, amma zai iya cinye raninsa kaf bai taka yashinta ba. Birnin na bukatarsa, ko da yake ba kullum yake son ganinsa ba. Daga 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jihar ta haramta acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, sana'ar da samarin Arewa da yawa suka dogara da ita.

Duk da haka cin rani ziyara ce, kuma abin da ya sa ta zama ziyara shi ne komawa. Manomi na cewa watan bakwai maƙarar rani: da an ga hadari ya fara haɗuwa, kowa ya ɗaure kayansa ya nufi gida sharar gona. Wannan ƙa'idar ce ta yi rauni a kudancin Katsina, yankin da ya jingina da dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari. A daren 11 ga Disamba 2020, tsakiyar ɗari, 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Duniya ta ji wannan. Ba ta cika jin labarin ƙauyukan da aka tasa ba, ko gonakin da sai an biya haraji kafin a girbe su. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya na tsawon watanni. Mai tura kura a Agege ya wayi gari ba ya iya jin muryar mahaifiyarsa, ba ya iya sanin ko saƙon da ya aika ya isa.

Lissafin rumbu ya juye. Da, mutum na tafiya ne don ya bar hatsi ga na gida. Yanzu wani na tafiya ne saboda babu hatsin, wani kuma iyalin nasa suna ɗakin haya a Funtuwa, kuɗin da yake turowa shi ne abincinsu, wani lokaci ma shi ne gudunmawarsa ga kuɗin fansar ɗan'uwa. Wanda ya zo da niyyar wata huɗu sai ya shekara uku, yana ci gaba da kiran kansa ɗan cin rani, domin sunan da ya rage shi ne ɗan gudun hijira, kuma babu mai son sa.

A 2025 wasu ƙananan hukumomin yankin, ciki har da Faskari da Sabuwa, sun yi zaman sulhu da 'yan bindiga, mutane suna kallon abin da ido ɗaya a buɗe. Idan Afrilu ta ƙarato, za ka ji wayoyi na tashi a bakin masallatan Agege bayan sallar isha'i. Saurayi ya gaida mahaifinsa, ya tambayi jiki, ya tambayi mutan gida, sannan ya ce, “Baba, an yi ruwan shuka?” Tambaya ta biyu, wadda kakansa bai taɓa bukatar yi ba, ita ce ko bana za a bari a shiga gonar daji.