Masu Wanki a Bakin Kogin Touques

Eugène Boudin, mai zanen nan na Faransa da ya rayu daga 1824 zuwa 1898, ya yi suna ne da zana attajiran Faris masu zuwa shan iska a bakin tekun Trouville, musamman bayan jirgin ƙasa ya isa garin a 1863: mata cikin manyan riguna, riƙe da laima, sun harɗe a kan kujeru. Amma zanensa da na ɗora a fuskar kwamfutata na wasu matan ne daban, masu wanki a bakin kogin Touques, wanda ya raba Trouville da Deauville. Ya zana su ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Babu wadda ta ɗago ta kalle shi. Sun durƙusa a jere, sun ba mu baya. Idan ka buɗa hoton da yatsu biyu kana neman fuska, ba za ka samu ba. Ɗigon fari shi ne ɗankwali, shafa ɗaya ta shuɗi ita ce gadon bayan mutum.

A aikinmu na rubuta manhaja akwai abin da mai waya ke gani yana latsawa, akwai kuma injin da ke can baya, wanda ba a tuna shi sai ranar da ya tsaya. Boudin ya zana duka biyun, sai dai kowanne da allonsa. Farar rigar da ke ɗaukar ido a bakin teku, sai da wata ta durƙusa ta bubbuge ta da katako.

Abin da ke damuna shi ne yadda hoton ke kwantar da hankali. Ban ce Boudin ya yi ƙarya ba, ai shi ya ga sun isa a zana. Amma fenti ba ya ɗaukar sanyin ruwan Normandi, balle yadda sabulu ke cin hannu.

Gwaggona, wadda ta yi ƙuruciyarta tana wanki a rafi, ta taɓa ganinsa a bayana ina aiki.

"Ɗan nan, matso min da shi."

Ta daɗe tana kallo, ko ruwan ba ta kula ba.

"Ta gefen nan ta gaji, dubi kafaɗarta. Kuma wannan wankin kuɗi ne. Kayan gida ba sa tara mata haka."