Sauya Rumbu Ba Kwasar Hatsi Kaɗai Ba Ne

Lokacin da nake karatun digiri na uku a ƙasar waje, na yi aikin wucin gadi a wani kamfani da ke biyan dubban tsofaffin ma'aikata fansho. An sa ni cikin ayarin da zai kwashe bayanansu daga tsofaffin faya-fayan babbar kwamfutar kamfanin zuwa sabuwar ma'ajiya. A zatona aikin bai wuce juye hatsi daga wannan rumbu zuwa wancan ba. Muka kwafe komai cikin dare ɗaya, ba harafin da ya ɓata. Da gari ya waye muka gwada lissafin wata, sai manhajar ta nemi bayanin wannan ta ɗauko na wancan, wasu kuma ta ce babu su sam.

Kwana uku muna lalube kafin aka kira wani dattijon injiniya da ya yi ritaya. Ya saurare mu, ya yi murmushi, ya ce manhajar ba da suna take neman mutum ba, lissafa mazauninsa take yi bisa yawan bayanan da layi ɗaya na tsohon faifai yake ɗauka. Mun canza faɗin layin, lissafin ya rushe. Wannan sirri ba ya cikin kowace takarda. A kansa yake.

Asalin matsalar tsoho ne. Tun da IBM ta fito da System/360 a 1964, manyan kwamfutocinta suke rubuta kowane bayani a faifai da tsawonsa da mabuɗinsa, suna ƙirga wuri da layi da silinda. Faya-fayan zamani kuwa yanka-yanka ne daidai wa daida, galibi bayit 512 ko 4096. Layi ɗaya na faifan 3380 yana ɗaukar bayit 47,476, na 3390 da ya fito a 1989 kuma 56,664. Saboda miliyoyin layukan COBOL da aka gina a kan irin waɗannan alƙaluma, har yau sababbin na'urorin ajiya suna shigar burtu, suna nuna wa babbar kwamfuta cewa su 3390 ne. Sabon ƙarfe ne ya rusuna wa tsohuwar manhaja.

Wanda ya raina irin wannan ƙaura yakan sha kunya. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya mayar da asusun abokan hulɗarsa kan sabon tsari, mutane da yawa suka kasa taɓa kuɗinsu, wasu suka ga asusun da ba nasu ba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba.

Abin da ke damuna shi ne yadda a nan gida muke ɗaukar zamanantar da ma'aikata a matsayin kwangilar sayen na'ura. A yanka kyalle, a yi tafi, a sallami tsohon ma'aikacin da ya san dalilin kowace lamba. Alhali bayan kowace lamba akwai gwauruwar da ke jiran fanshon mijinta, ko ɗalibin da ke jiran sakamakonsa.

Abin da nake faɗa wa ɗalibaina ke nan: kafin ku taɓa waya ɗaya, ku zauna da tsofaffin hannu ku rubuta abin da suka sani, ku bar tsohon tsari yana aiki gefe da gefe da sabo har alƙaluma su daidaita. Da tsohuwar zuma ake magani. Ni na koyi haka ne da kwana uku na rashin barci.