Daga Karar Potiskum Zuwa Duwatsun Sama

Wanda ya sauka Potiskum ranar da kara ta cika, abin da zai fara tarbarsa shi ne ƙura da kukan shanu. Na tsaya bakin karar da almuru ina gwada ƙirga wani garke da ake korawa wajen manyan motoci. Fararen na ƙirga su sarai, amma jajaye da baƙaƙe suka saje da duhu. To, mai karatu, wannan wahala ita ce ke damun masanan taurari.

Jihar Yobe ba baƙuwar duwatsun sama ba ce. Ran 3 ga Afrilu, 1984, tun ana cikin Jihar Borno, wani dutse mai nauyin kimanin kilo 100 ya faɗo cikin wata gona a ƙasar Gujba, bayan an ga wuta ta keta sama, an kuma ji ƙara. Babu wanda ya hango zuwansa. Da ya kai faɗin mita 140, da ya shafe gari, kuma irin waɗannan manya da ke giftawa kusa da duniya har yanzu akwai da yawa da ba a gano ba.

Domin farautarsu, da sauran binciken sama, aka gina gidan hangen taurari na Vera Rubin bisa dutsen Pachon a ƙasar Chile. Madubinsa mita 8.4 ne. A watan Yunin 2025 aka ba da sanarwar ya gano sababbin duwatsu 2,104 cikin awa goma kacal.

Amma yaya za a san nawa suka kuɓuce masa? Dabarar ita ce a jarraba mai ƙirgan. In ka saki shanu ɗari da ka san adadinsu, ya ƙirga sittin, ka san iyakar idonsa. Haka masanan Jami'ar Queen's ta Belfast da ta Washington suka shirya wata manhajar kwamfuta mai suna Sorcha. Ana zuba mata duwatsun ƙirƙira, kowanne da girmansa da launinsa da hanyarsa. Sai ta lissafa inda kowanne zai kasance a kowane dare, ko madubin na duban wajen, ko haskensa ya isa a gani. Lissafin ya nuna cikin shekara goma za a ga fiye da miliyan 5 tsakanin Mars da Jupita, da kimanin 127,000 masu kusantar duniya.

Da dare ya yi, hazo ya lafa, na ɗaga kai na ga Kaza da 'Ya'yanta. A da nakan ƙirga shida in ce shi ke nan. Yau kuwa na tambayi kaina, nawa ne ban gani ba?