Warin Roba a Hawan Kibo

Duk wanda ya taɓa sauka daga Jos zuwa ƙasar Kagoro ta Gidan Waya ya san Hawan Kibo. Jos tana bisa tudu wajen mita 1,200 daga bakin teku, a Hawan Kibo kuwa ake biyan bashin wannan tsawo, gama hanya tana gangarawa tana murɗewa kamar maciji har ta kai gindin dutse kusa da ruwan Assop.

Ran wata Jumma'a da sanyin safiya muka tashi za mu taron ekklisiya a Kagoro. Motarmu tsohuwar a-kori-kura ce, Peugeot 504, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Mai tuƙi wani dattijon ekklisiyarmu ne, kowa Baba yake ce masa. A baya akwai mata uku na zumunta da 'yan makarantata huɗu, ga tukwane, ga buhunan dankalin Turawa. Baba ya ce buhu shida ya isa. Ni ne na matsa aka ƙara uku, don na ga dankali yana araha.

Muka wuce Bukuru da tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa. Muka wuce Riyom, inda yara suka yi ta ihu da ganin duwatsun nan da ke ɗore kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu. Da muka soma gangara sai Baba ya sa giya ta biyu. Ya ce mini wanda ya sauka Kibo da birki kaɗai, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi ya daina kamawa.

A kwana ta uku na ji wari kamar ana ƙona tsohuwar taya a juji. Na yi shiru, don ina duban agogo. Baba ya shaƙa sau biyu, ya nemi wuri mai faɗi ya tsaya.

Na ce, "Baba, ba ma lallaɓa mu kai gindin dutsen ba? Za a fara sujada ba mu."

Ya ce, "Malam, mota ba ta da baki, da wari take magana. Sauko ka ɗauko mini dutse ka tokare ƙafa."

Ya sauke kowa, ya tsai da su nesa da titi. Ya fara da birki, gama shi ya fi ba shi tsoro. Ya bi ƙafafu huɗu yana kusantar da bayan hannunsa ga ƙarfen ba tare da ya taɓa ba. Duk ɗumi ɗaya, babu wadda ta fi 'yar'uwarta zafi, ashe birki bai maƙale ba. Ya ce ma warin birki da na kuloci daban ne, yana da kaifi yana shiga maƙogwaro, kuloci kuwa a hawa yakan yi wari, mu kuma sauka muke yi.

Sa'an nan ya buɗe murfin inji. Ya danna bel ɗin fanka da babban yatsa, ya duba ko gefensa ya yi sheƙi ko ya tsattsage. Bel da ya saki yakan zame a kan ƙarfe ya yi zafi, kuma yakan yi ƙara kamar ɓera, mu ko ba mu ji ƙara ba. Ya bi tiyoyin ruwa ɗaya ɗaya ko wani ya kwanta a jikin bututun hayaƙi, ya duba wayoyi ko sun narke, ya leƙa ko mai yana ɗiga kan salansa. Wani yarona ya miƙa hannu ga murfin lagireto, Baba ya doke hannun, ya ce ruwan da ke ciki yana iya saɓule masa fuska. Inji dai lafiya lau.

Baba ya tsaya yana tunani. Sai wata Mama ta ce, "Baba, mu a baya mun fi jinsa, kuma sai an sha kwana yake tashi."

Nan take ya durƙusa wajen tayar baya ta hagu. Ga kafaɗar tayar ta goge sumul har zare ya fara leƙowa, ga baƙin gari na roba manne a ƙarfen da ke samanta. Ganye ɗaya na sifirin ya karye saboda nauyi, jikin motar ya zauna, duk sa'ad da ta karkata a kwana sai ƙarfe ya ci taya. Baba bai ce mini kome ba, buhunan kawai ya duba. Na dubi ramin da ke gefen hanya, na dubi yaran mutane da aka ba ni amana, jikina ya yi sanyi.

Muka sauke kaya duka. Aka ɗaga motar da jak, aka sa safaya. Baba ya sassaƙa guntun itace mai tauri ya cusa tsakanin sifirin da jikin mota, ya ɗaure tam da yankin tsohon tub, ya ce wannan na kai mu gari ne kawai. Buhu shida aka mayar, aka matsa su gaba kusa da kan mota. Sauran ukun na sayar wa waɗansu mata masu talla a bakin hanya, ƙasa da kuɗin da na saya. Ɗaya daga cikin iyayenmu mata ta yi addu'ar godiya, muka kama hanya a hankali.

Ƙasan dutse wata duniya ce. Sanyin Jos ya ƙare, zafi ya taso, itatuwa suka yi duhu, har da kwakwar manja. Muka juya wajen Gidan Waya, can da la'asar dutsen Kagoro ya bayyana a gabanmu, garin yana kwance a gindinsa. Mun tarar an gama sujadar fari, masu dafa abinci suna ta neman tukwanensu.

Kashegari Baba ya kai motar Kafanchan aka sa sabon ganyen sifirin. Kuɗin taya ni na biya, a kashi biyu.